Dutse Ba Ya Karɓar Gyara

Shekara goma sha bakwai ina ƙirga kuɗin wasu
a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa,
hawa na biyu, kujera mai juyawa, fanka mai tari.
Lamba ta shiga, lamba ta fita.
In na yi kuskure, maɓalli ɗaya ne,
sai ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba.
Ran nan na waiwaya, na ga shekarun ma haka suke:
babu abin da zan dafa in ce, ga shi, ni na yi.

Na ajiye aiki wata Laraba.
Inna ta ce, "Sunanka Inuwa,
ka bar inuwa ka koma rana?"
Yaya Tanimu ya kalli furfurar gemuna,
ya yi maganar icce da ɗanyensa.
Dije ta ɗauko biro ta baje kuɗin sallama:
haya, makaranta, buhun masara,
wata tara, in ba wanda ya yi ciwo.
Ta rufe littafin ta ce, "Je ka.
Amma fa wata tara."

Bayan Ƙofar Ruwa, inda masu rodi suka ƙare,
akwai rumfar kwano, akwai Baba Sallau,
gajere, kunnensa ɗaya ya mutu,
yatsunsa kamar saiwar rogo.
Ya ce in nuna hannu. Na nuna.
Ya yi dariya har da ƙwarewa:
"Wannan ai hannun tuwo ne."

Sati uku bai ba ni kurfi ba.
Ɗauko. Ajiye. Wanke. Ƙwanƙwasa, ka saurara.
Lafiyayyen dutse yana amsawa kamar tasa,
mai ciwo a ciki muryarsa ta mai mura ce.
Ni da na ɗauka dutse kurma ne.
Ashe yana da jijiya, yana da inda yake so a bi,
in ka zo masa ta baya, ya rabe maka biyu.

Na raba ɗaya.
Falale sukutum da aka ɗauko daga Rano,
saura ƙiris in rufe zanen dagi
guduma ta zarce.
Na tsaya, yatsana yana laluben maɓallin nan.
Babu.
Sallau ya shafa tsagar da babban yatsa,
ya ce, "Dokin ƙofa ne yanzu, a taka shi.
Kuɗinsa kuma daga aljihunka."

An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo.
Ni garinsa na sha, a hanci, a ido, a cikin kunu.
Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi.
Da akanta ake ce mini,
yanzu ga kanta a hannu.

A makaranta an tambayi Hajara sana'ar ubanta,
ta ce, "Fasa dutse yake."
Aji ya kwashe da dariya.
Kwana biyu tana gaishe ni ba ta ɗago ba.

Wata na takwas, wani mai gida a Yakasai
ya nemi abin da za a kafa saman zaure.
Sallau ya tura mini da ƙafa: "Naka ne."
Kamu biyu, ba ya fi.
Kwana goma sha ɗaya na yi a kansa,
igiya ta shiga ƙarƙashin igiya, ta fito, ta koma,
har ta sami kanta.
Akwai wani lungu a hagu da bai daidaita ba.
Ni na sani, Sallau ya sani, ya yi shiru.

Ran Juma'a na bi ta layin da Hajara.
Ban nuna ba, na dai rage tafiya.
Ta ɗaga kai, ta daɗe.
Ta ce, "Baba, ina sunanka?"
Na ce ba a rubutawa.
Ta kama hannuna, ta juya tafin,
tana bin kantar da yatsa
kamar mai haɗa baƙi.

Dije kuwa ta buɗe littafinta daren nan.
Saura wata ɗaya.